Mai jiran babbar takarda, kada ya bar ƙaramin kati ya mutu

A zangonmu na Korbongu, duk wanda takardar Faransanci ta faɗo hannunsa gidana yake nufowa. Ba wai na fi kowa sani ba ne. Ni ne dai mushen lakwal da ke kwana cikin unguwa. Tun da na gama makarantar horon malamai ta Dapaong aka turo ni nan, na karanta wa mutane takardar likita, da sammacin kotu, da rasit ɗin haraji iri-iri. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ban karanta a kan lokaci ba. Ta kawuna ce, ƙanen mahaifiyata.

Ranar wata Laraba ina tsakiyar darasin lissafi da 'yan ajin CM2, wayata ta yi ta motsi a aljihu. Ban saba ɗaukar waya a aji ba, amma da kira ya kai na huɗu na leƙa waje. Kawu ne.

"Ɗana, bar abin da kake yi ka zo. An tsayar da ni a shinge, sun ce katina ya mutu."

"Kawu, wane kati kuma?"

"Na zama mana. Na ce musu takardata tana Lome, ga shaida na nuna, sun ƙi ji."

Na bar yara a hannun abokin aikina, na hau zemijan. Na tarar da shi zaune a kan benci gefen hanyar da ta fito daga Dapaong, kayan shagonsa a ƙasa, hularsa a gwiwa. Jami'in da ya tsayar da shi bai yi masa tsawa ba, bai kuma nemi ko dala ba. Ya miƙo mini abu biyu. Na farko katin zama na shekara ɗaya, wanda wa'adinsa ya cika kwana arba'in da suka wuce. Na biyu ɗan guntun takardar nan da ake ba mutum in ya ajiye dosiye, wadda ake kira resefise. Ya ce da ni cikin Faransanci: "Kai malami ne, karanta masa. Wannan ta ce an karɓi takardunsa. A ina ta ce an ba shi izinin zama?"

Na karanta daga sama har ƙasa, na juya bayanta. Babu inda ta faɗi haka.

Sai bayan la'asar aka sallame mu, bayan sarkin zango ya turo wakili ya shaida cewa mutumin nan sananne ne, aka rubuta sunansa, aka ce ya je ya gyara takardunsa ba da wasa ba. A kan hanyarmu ta komawa bai ce uffan ba. Da muka isa ƙofar gida ya ce: "Sama da shekara ashirin a garin nan, yau ni ne baƙo."

Yadda aka yi shekara ashirin ba kati

Kawu ya zo daga ƙasar Maradi a 2003 da buhunan albasa da kanwa. Ya ga kasuwa ta karɓe shi, ya kama shago, ya auri 'yar gari, suka haifi yara biyar. Uku daga cikinsu ta ajina suka bi. Gurmancinsa ya fi nawa. A duk tsawon shekarun nan abin da ke aljihunsa katin shaidar Nijar ne da katin konsila, kuma ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

Irinsa suna da yawa daga nan har Sinkase, Mango da Sokode. Zuwan Bahaushe wannan yanki ya girmi iyakokin da muke gani yau. Fataken goro da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja ta nan suke ratsawa, suna yada zango a Sansanin Mango, wasu kuma ta Djougou su faɗo Sokode. Unguwar Didawure, inda aka haife ni, 'yan kasuwa Musulmi ne suka raya ta. Wanda kakansa ya bi hanyar nan da jaki, da wuya ka fahimtar da shi cewa zamansa yana buƙatar tambari.

Ga kuma yarjejeniyar CEDEAO, wadda 'yan Najeriya da Gana ke kira ECOWAS. A ranar 29 ga Mayu 1979 aka sa mata hannu a Dakar, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba. Wannan rabin kowa ya haddace shi. Rabin da aka manta shi ne damar ta kwana 90 ce. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izini. A 1986 aka ƙara wata yarjejeniya kan 'yancin zama, ita ma ta ɗora abin a kan katin zama da ƙasar da ka sauka za ta ba ka. Katin konsila kuwa ofishin jakadancin ƙasarka ne ke bayarwa. Yana nuna cewa ƙasarka ta san kana nan. Izinin Togo daban yake.

Shekara da shekaru ba a matsa ba, mu ma muka miƙe ƙafa. Abu biyu ne suka sauya lissafin.

Na farko tsaro. Tun harin farko da aka kai yankin Kpendjal a Nuwamban 2021, da na Kpékpakandi a Mayun 2022 inda sojoji takwas suka rasu, jihar Savanes ta shiga wani hali. A watan Yunin 2022 aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a jihar, aka yi ta tsawaita ta. Shingaye suka ƙaru, tambayar takarda ta zama ta kullum. Mu da ke nan mun san dalili, ba ma kuma jayayya da shi. Amma wanda takardarsa ke da rauni shi ne ya fi jin nauyin abin.

Na biyu siyasa. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar, Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga CEDEAO. A daren ranar Kawu ya zo gidana da rediyonsa a hannu, ya ce: "To mu da ke nan fa, me muka zama?"

"Har sai an ji wata sanarwa"

Ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ce CEDEAO ta buƙaci sauran ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga hannun 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su su ci gaba da shiga da zama da sana'a kamar da. A watan Mayun 2025 ɓangarorin biyu suka zauna a Bamako, suka nuna aniyar kada a taɓa zirga-zirgar jama'a kafin a cimma sabuwar yarjejeniya. Ban da haka, Togo da ƙasashen uku duk suna cikin UEMOA, ƙungiyar masu kuɗin sefa, wadda ita ma yarjejeniyarta ta tanadi 'yancin zirga-zirga da zama.

Duk wannan abin kwantar da hankali ne. Sai dai a cikin sanarwar ta Janairu akwai 'yan kalmomi da na ja wa layi da jan biro: har sai an ji wata sanarwa. Aron inuwa ke nan. Mai ita yana iya cewa a tashi, kuma ba lallai ya yi shawara da kai ba. Ita kanta Nijar a Janairun 2025 ta fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi a ƙasarta. Kowace ƙasa tana gyara ƙofarta.

Tsofaffinmu sun ga irin wannan da idonsu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya gyara ko ya fice. Zangunan Kumasi da Akara suka girgiza. Dubun dubatar mutane suka kwashe kaya, har da waɗanda a can aka haife su, kuma da yawa ta Togo suka ratsa. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari a Najeriya ta yi irin haka, ita ma da wa'adin mako biyu da farko. Kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka fito, tare da 'yan Nijar, Togo, Benin da Chadi. A lura da shekarar: 1983, wato bayan an sa hannu kan yarjejeniyar Dakar. Yarjejeniyar ba ta kare wanda ya wuce kwana 90 ba takarda ba.

Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, kuma ban ji wani ya ce za a yi haka a Togo ba. Darasin da ke ciki ɗaya ne. A duka lokutan biyu ba a tambayi mutum shekara nawa ya yi a gari ba, ko wa ya aura, ko masallacin da ya taimaka aka gina. Takarda mai rai aka tambaya, kuma mako biyu ba ya isa a nemo ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ofis biyu, layi biyu

Kawu ya ji wannan magana, ya kuma yi abin da ya dace. A 2024 ya yi fasfo, ya haɗa takardu, ya samu katin zama na shekara ɗaya. A Togo hukumar da ke ba da wannan kati ita ce DGDN, wadda ke ba da fasfo da katin shaidar ɗan ƙasa. Dokar da ke kula da zaman baƙi an sabunta ta a watan Afrilun 2022, ta maye gurbin ta 1987. Akwai kati na ɗan gajeren wa'adi, akwai na shekaru masu yawa, amma kowanne da ranar mutuwarsa a jikinsa.

Da kati ya shigo hannu sai Kawu ya ce shi ya gaji da zaman ƙirga watanni. Matarsa 'yar ƙasa ce, 'ya'yansa a nan aka yanke musu cibiya, a nan yake fatan a binne shi. Yana son zama na dindindin. Ya yanke shawarar neman zama ɗan ƙasa. Dokar ƙasanci ta Togo, ta 7 ga Satumba 1978, ta buɗe wannan ƙofa ga baƙon da ya yi shekara biyar yana zaune a ƙasar, in ya cika sauran sharuɗɗa. Ni na rubuta masa takardar neman da hannuna. Muka haɗa da takardun haihuwar yara da rasit ɗin harajin shago na shekaru, aka ajiye, aka ba shi resefise.

A nan kuskuren ya shigo, kuma ina da kaso a ciki. Kawu ya ɗauka tunda ya nemi babba, ƙarami ya gama aiki. Ya sa katin a ƙasan akwati, ya sa resefise cikin leda a aljihun gaba. Ni kuma ban tambaye shi ranar da katin zai cika ba.

Abin da ba mu tsaya muka duba ba shi ne hanyoyin biyu ba su haɗu ba. Neman zama ɗan ƙasa ta ma'aikatar shari'a yake bi, kuma sai gwamnati ta fitar da dekire mutum yake zama ɗan ƙasa. Alfarma ce ƙasa ke yi, tana iya bayarwa, tana iya hanawa, kuma ba ranar da aka yanka maka. Katin zama kuwa na wata hukuma ce daban, da nata kalanda. Ajiye dosiye a ofis na farko ba ya tsayar da agogon ofis na biyu. Har ranar da sunanka zai fito, a idon doka kai baƙo ne, kuma baƙo da katinsa ake ganinsa.

Akwai abin da ya fi wannan. Wanda zai duba dosiyenka bai san ka ba. Bai san kai ne ke ba marayun unguwa hatsi da azumi ba. Takarda yake karantawa. In ya ga mai neman zama ɗan ƙasa ya bar izinin zamansa ya mutu wata da watanni, kai da kanka ka ba shi dalilin ɗaga gira. In kuma aka ƙi buƙatar, wanda katinsa ke da rai ya koma kan katinsa ya ci gaba da sana'a. Wanda nasa ya mutu ba shi da wurin komawa.

Takardun da ke mutuwa suna jiran juna

Gyaran ya ɗauke mu wata biyu da 'yan kwanaki, kuma a nan na koyi abin da ba a koya mana a makarantar malamai ba: takardu ma suna da rai, kuma ba rana ɗaya suke mutuwa ba.

A dosiyen Kawu an nemi fasfo mai sauran wa'adi, da katin konsila, da hotuna, da shaidar wurin zama, da takardar likita, da kaziye, wato takardar kotu da ke nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, da shaidar abin da yake ci da shi. Kaziye wata uku take yi ta tsufa. Da muka duba, katin konsilansa ma ya cika. Kafin a sabunta shi a Lome, a aiko da kaziye daga gida, takardar likitan da muka yi gaggawar karɓa tun farko ta kusa tsufa. Ka kamo wannan, wancan ya kuɓuce.

Ga nisa. Daga Dapaong zuwa Lome ya haura kilomita 600 a kan babbar hanya ta ɗaya. Tafiya ɗaya tana cin kuɗin mota, da na masauki a zangon Agoè, da kwanakin da shago zai yi a rufe. Kawu ya yi ta sau biyu. A tafiyar farko ya yada zango a Sokode wurin mahaifiyata, ta yi masa faɗa irin na ya da ƙane, ta ce: "Kai da ke ƙirga buhu ba ka kuskure, ka kasa ƙirga wata goma sha biyu?"

A cikin wannan ruɗani wani mutum ya same shi a tasha, ya ce ya san hanya, a ba shi kuɗi da fasfo ya kawo kati cikin mako ɗaya ba sai Kawu ya je ko'ina ba. Allah Ya sa ya kira ni kafin ya miƙa. Na ce: "Kawu, katin da za a yi ba a ga fuskarka ba, na wa ne?" Katin da ya mutu ana sabunta shi. Katin jabu kuwa laifi ne da ke kai mutum kotu, ya kuma rushe babbar buƙatar da ake jira gaba ɗaya.

Ba mu kaɗai ba ne

Da na ba wani abokin karatuna da ke Amurka labarin, dariya ya yi, ya ce ai ko can haka ne. Wanda ya nemi katin zama na dindindin, wato girin kad, yana cikin ƙasar, lauyoyi kan ba shi shawarar ya ci gaba da riƙe tsohon izininsa na karatu ko na aiki da rai muddin zai iya, domin in aka ƙi buƙatar ya samu abin tsayawa a kai. A Faransa resefise ɗin da ake ba mai jiran kati yana ba da izinin zama, amma da ranar cikarsa a rubuce, kuma shi ma sai an sabunta shi in jiran ya yi tsawo. Waɗanda suka zauna Saudiyya kuwa sun san abin da ake nufi da iƙama ta mutu.

Wato resefise ba iri ɗaya ba ne. Wani yana ɗauke da izini na ɗan lokaci, wani shaidar karɓa ce kawai. Ba a gane bambancin da girman tambari. Sai an karanta abin da aka rubuta, an nemi kwanan wata.

Abin da nake gaya wa masu zuwa gidana yanzu

Tun bayan abin da ya faru, duk wanda ya kawo mini takarda sai na tambaye shi sauran. Ga abin da nake faɗa, ba a matsayin lauya ba, a matsayin wanda ya ga yadda abin ke ɓaci.

Ka san ranar da kowace takardarka za ta cika: fasfo, katin konsila, katin zama. In ba ka karanta boko, ka sa a karanta maka, ka rubuta da ajami a bangon shago ko a bayan littafin bashi. Ka fara shirin sabuntawa wata uku kafin ranar, domin mu na arewa hanya ma tana cin nata.

Ka bi takardun daki-daki. Fara da masu tsawon rai kuma masu wuyar samu, wato fasfo da katin konsila. Masu wata uku, irin kaziye da takardar likita, su ne na ƙarshe, dab da ranar ajiyewa.

Duk takardar da aka ba ka a ofis, kafin ka fita ka yi tambaya uku: wannan ta ba ni izinin zama ko shaidar karɓa ce? Yaushe za ta cika? In ta cika ba a ba ni amsa ba, ina zan je? Tambaya ba raini ba ce, kuma ma'aikaci ya fi son ya amsa ta yau da ya warware rikici gobe.

Kada ka yar da tsohon kati, ko rasit, ko takardar haya. Su ne za su ƙirga maka shekarunka ranar da za a ce ka kawo shaidar zama. Ka yi fotokofi, ka ɗauki hotonsu a waya, ka ajiye kofi ɗaya a wani gida. Gobara da ruwan sama ba sa tambayar muhimmancin takarda.

Kada ka bar takardun ƙasarka ta asali su mutu don kana sa ran na Togo. Sai ka ga sabuwar rijiya ta kawo ruwa kafin ka daina zuwa tsohuwa.

Ka bambance katuna. Rajistar e-ID da ake ɗaukar yatsu da ido, ta duk mazaunin Togo ce, ɗan ƙasa da baƙo. Tana da amfani, a yi ta. Amma ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, ba ta kuma maye gurbin katin zama. Na ga mutum biyu da suka ɗauka ta wadatar.

Kafin ka yi tafiya mai tsawo zuwa gida, ko Umara, ko fatauci, ka duba ko katinka zai cika kana waje. In zai cika, gyara kafin ka tashi.

Kuɗin hukuma kuwa a biya shi inda za a ba da rasit. Abin da ba rasit, ba shaida.

Yaran fa?

A matsayina na malami, wannan ɓangaren ya fi damuna. Jiran uba bai kamata ya zama jiran 'ya'ya ba. Tsohon tsarin mulkin 1992, wanda ya yi aiki har 2024, ya ce ɗan da uba ko uwa ɗan Togo ya haifa ɗan Togo ne, dokar yara ta 2007 ta maimaita haka. 'Ya'yan Kawu ta wajen mahaifiyarsu suke da haƙƙi, ba sai dekiren ubansu ya fito ba. Dokar 1978 kuma ta ce wanda aka haifa a Togo, uwa da uba su ma a Togo aka haife su, ɗan Togo ne, in ya cika sauran sharuɗɗa. Gidaje da yawa a zangunanmu sun cika wannan sharaɗi tun tuni, abin da ya rage musu shaida ce a rubuce.

Shaidar kuwa daga takardar haihuwa take farawa. Doka ta ba da kwana 45 a kai sunan jariri meri, kuma tun 1 ga Janairu 2022 takardar kyauta ce. Wanda ya wuce wa'adi sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da zai maye gurbinta, da kuɗinsa da wahalarsa. Duk shekara in lokacin haɗa dosiyen jarrabawar CEPD ya zo, sai na samu yara masu ƙwaƙwalwa da ba su da takardar haihuwa, iyaye su fara gudu a ƙurarren lokaci. Ranar suna ana yanka rago, ana raba goro. A sa zuwa meri cikin hidimar sunan. In yaro ya tasa, a nema masa takardar nasiyonalite tun kafin ranar da makaranta ko aiki za su tambaye ta.

Ina roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, daga Sinkase har Sokode, su riƙa tunatar da jama'a wannan magana. A kowace unguwa akwai malamin lakwal ko ɗalibin lise da zai iya zama awa ɗaya a wata ya duba wa mutane ranakun takardunsu. Mu a nan mun fara, ranar Lahadi bayan la'asar a zauren sarkin zango. A zaman farko mutum tara suka zo, huɗu daga cikinsu da wata takarda da ta riga ta cika ba su sani ba.

Har yanzu ana jira

Kawu ya karɓi sabon katinsa. Babbar buƙatar kuwa tana can, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Wani lokaci in ya ji an ce gwamnati ta yi zama, sai ya aiko ƙaramin ɗansa ya tambaye ni ko an ambaci sunaye. In ce ba a ambata ba, yaron ya koma.

Resefise ɗin yana nan cikin ledarsa, amma yanzu katin ne a gaba, shi a baya. A bangon shago, sama da inda yake rubuta bashin masu ɗaukar shinkafa, ya rubuta rana biyu da ajami: ranar da katin zai cika, da ranar da za mu fara haɗa takardu, wata uku kafin nan. Ni ma na rubuta su a bangon littafin kiran sunan ajina.

Makon jiya na biya ta shagon, ya nuna mini rubutun da sandar awo, ya ce: "Ɗana, wannan bashin shi kaɗai ne ba na yarda a ɗaga mini."

Allah Ya ba masu jira haƙuri, Ya sa a ji alheri, Ya zaunar da yankinmu lafiya.